Kafin a Buɗe Littafi: Ɗalibin Arewa da Labarin Boyi Tundi

Babu ɗalibin da ke zuwa gaban littafi hannu rabbana. Duk malamin da ya miƙa wa ƴan ajinsa a Dogon Dutsi ko Tibiri littafin Une vie de boy na Ferdinand Oyono, ya kuma shaida musu cewa labari ne na wariyar launin fata da bautar gidan Bature, ya san cewa tun kafin su juya shafin farko sun riga sun tsara nasu labarin a zuci.

Ba wuya a gane inda wannan tsammani ya samo tushe. Ɗan Arewa ya tashi da labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta ja daga da rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya mai da shi littafi a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986. Don haka da ɗalibi ya ji an ambaci Bature da baƙar fata, abin da yake jira shi ne gwarzo, da fito-na-fito, da ranar ramuwa. Yana kuma ɗauka cewa lamarin na can nesa ne, kuma ya wuce.

Oyono, ɗan Kamaru, wanda ya fitar da littafin a 1956, bai biya masa wannan bukata ba. Tundi ba jarumi ba ne. Yaro ne da ya gudu daga dukan ubansa ya fake wurin Fada Gilbert, daga baya ya zama boyin Kumandan a garin Dangan, har yana alfahari da matsayin. Ba shi da kwari ba shi da baka. Abin da yake da shi ido ne, da littattafai biyu da yake rubuta abin da ya gani. Mai share ɗaki da gyaran gado ba a iya ɓoye masa komai, shi ya sa ya san abin da ke tsakanin matar Kumandan da Moreau, shugaban gidan kaso. Wannan sani shi ya ci shi. Aka ɗora masa laifin satar da ba shi ya yi ba, aka yi masa dukan kawo wuƙa, ya tsere zuwa Gini ta Sifaniya ya mutu a can.

A nan ƙarfin littafin yake. Ya nuna cewa rainin da ya fi cin rai shi ne na cikin gida, inda ake ba ka amanar tukunya da makulli amma a hana ka mutunci. Irin wannan raini kuwa ba sai da farar fata ba. Ɗalibin da ya fahimci haka zai waiwayo ya dubi ƴan matan karkara da ke aikatau a gidajen Yamai, da yarinyar da ke riga kowa tashi a gidan maƙwabta, ta kuma kwanta bayan kowa. Zai kuma tuna da Hadizatu Mani ta yankin Ƙwanni, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12, har kotun CEDEAO ta yanke hukunci a 2008 cewa ƙasar Nijar ta kasa kare ta, duk da dokar 2003 da ta sa bauta cikin manyan laifuka. Aikatau ba bauta ba ne, amma tambayar ɗaya ce: wa ake gani, wa ake kau da kai daga gare shi?

Shawararmu ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu ita ce kada a yi watsi da tsammanin ɗalibi, kada kuma a yi gaggawar gyara masa shi. A sa ya rubuta abin da yake zato kafin karatu, a ajiye takardar, a mayar masa bayan ya kammala. Ratar da zai gani tsakanin zatonsa da littafin ita ce darasin. Hausawa dai sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.