Tudun Hermitage da Manoman da Suka San Ƙasarsa Taku Bayan Taku

Kogin Rhône yana gangarowa daga birnin Liyon na ƙasar Faransa ya miƙe kudu, har ya iso wani ƙaramin gari mai suna Tain. A nan wani tudu ya tare masa hanya, dole ya yi kwana ya kewaye shi. Wannan kwanar ce arzikin tudun Hermitage, domin ta bar gangarensa yana kallon kudu sosai. A can arewacin duniya rana ta ɓangaren kudu take bi, saboda haka gonar da ta fuskanci kudu ita ke shan hantsi, ta sha tsakar rana, ta kuma sha la'asar. Ƙeyar tudun kuwa tana tare mata iskar arewa mai sanyi.

Gonakin inabin da ke kan tudun gaba ɗaya ba su kai hekta 140 ba, amma jar giyar da ake yi da su tana cikin mafi daraja a Faransa, kuma tun 1937 doka ta shata iyakar wurin da zai amsa sunan. Giya haramun ce ga Musulmi, ba kuma kiran kowa nake yi zuwa gare ta ba. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne noman, domin da wuya a sami inda manomi ya san ƙasarsa irin sanin da mutanen nan suka yi wa tasu.

Daga ƙasa, mai wucewa zai ɗauka tudu ɗaya ne, ƙasa ɗaya. Ba haka ba ne. Ɓangaren yamma guntun tsaunukan tsakiyar Faransa ne da kogin ya yanke ya bari a ɗaya gaɓar, kuma dutsen giranit ne mai tauri. Ɓangaren gabas kuwa tarin tsakuwa ne da yumɓu da farar ƙasa, waɗanda ruwa da ƙanƙara suka kwaso daga tsaunukan Alps tun zamani mai nisa. A can sama akwai wata ƙasa mai laushi kamar gari, wadda iska ta tara. Iri guda ake shukawa domin jar giya, wato Syrah, amma abin da yake bayarwa yana sauyawa daga wannan gona zuwa waccan. Manominmu da ya san gero na jigawa ne, shinkafa kuma ta fadama, zai gane maganar nan da nan, sai dai a Hermitage bambancin na iya faɗowa tsakanin gonaki biyu da katanga ɗaya ta raba.

Kowane yanki da sunansa. Les Bessards shi ne na giranit. Dutsen ya rududduge a sama ya zama yashi mai kaushi, marar taki, wanda ba ya riƙe ruwa. Itacen inabi a nan sai ya tura saiwarsa cikin tsagogin dutse yana neman danshi. 'Ya'yansa sukan fito ƙanana masu kaurin ɓawo, kuma a ɓawon ne launi da bauri suke. Shi ya sa giyar Bessards takan yi duhu, ta yi bauri, ta ƙi sakin jiki sai ta shekara da yawa a kwalba. Kusa da shi akwai Le Méal, wani lungu mai kama da buɗaɗɗiyar ƙwarya da ke fuskantar rana, cike da mulmulallun duwatsu. Duwatsun suna shan zafi da rana su riƙa sakinsa da dare, inabin ya nuna sosai, giyarsa ta yi kauri da taushi. A gindin tudun, Les Greffieux ya tara abin da ruwa ya wanko daga sama, ƙasarsa ta fi zurfi, giyarsa ta fi laushi da ƙamshi. L'Hermite kuma yana can ƙoli, kusa da ƙaramar majami'ar da ake hangowa daga ko'ina a kwarin, inda iska ta fi kaɗawa, nuna ta fi jinkiri, tsami kuma ya fi zama a cikin 'ya'yan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda manomin nan ba yawan amfani yake nema ba. Itacen inabin da ya ƙoshi da ruwa da taki ganye yake yi, ya cika 'ya'yansa da ruwa, ɗanɗanon ya salance. Wanda ya ɗan ji ƙishi bayan ya yi fure kuwa sai ya daina miƙa rassa, ya mai da ƙarfinsa kan nunar da 'ya'ya. Amma ƙishin kaɗan ake so. In ya yi yawa ganye ya rufe ƙofofin numfashinsa, nuna ta tsaya cak, a tsinki inabi mai zaƙi a ciki da ɗanyen bauri a ɓawo. Tsakanin waɗannan biyun akwai siririyar hanya, kuma a kanta manomi yake tafiya kowace shekara: ido nawa zai bari a reshe lokacin datsa a hunturu, ganye nawa zai cire don iska ta shiga ba tare da rana ta ƙone nonon inabin ba, da kuma ranar da zai ce a fara tsinka. Doka ma ta sa hannu, ta ƙayyade yawan giyar da hekta ɗaya za ta bayar.

Sai kuma wahalar jiki. A wurare da yawa gangaren ya fi ƙarfin tarakta. An yanka tudun hawa-hawa, an tokare kowane hawa da katangar dutse, kuma katangar kullum cikin neman gyara take. In ruwan sama mai ƙarfi ya sauka, yashin giranit yakan zubo ƙasa, a sake kwasarsa a mai da shi sama. Huɗa da doki ake yi, ko da garmar da inji ke ja da igiyar ƙarfe daga saman gona. Da yake iskar kwarin tana da ƙarfin karya reshe, akan ɗaure itacen a jikin turkensa. Iskar nan dai tana da ranarta: bayan ruwa ita ke busar da ganye da 'ya'ya kafin fumfuna ya kama. Tsinka kuma da hannu ake yi, galibi a watan Satumba.

Shi kansa Syrah ɗan gida ne. An daɗe ana cewa daga birnin Shiraz na Farisa aka kawo shi, har binciken ƙwayoyin halitta a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna iyayensa wasu irin inabi biyu ne na kudu maso gabashin Faransa, Dureza da Mondeuse Blanche. Ƙamshin masoro da aka san giyarsa da shi ma an gano tushensa: a 2008 masu bincike a Ostireliya suka bayyana sinadarin rotundone, wanda ke cikin ɓawon inabin, yake kuma cikin baƙin masoro. Ya fi yawa a wuri mai sanyi-sanyi da shekarar da ba ta yi zafi ba. Ke nan har a hanci ana iya jin yanayin shekarar da aka yi noman.

Gwanintar ƙarshe a ɗakin ajiya take, kuma a nan ra'ayi ya rabu biyu. Gidan Chapoutier yana fitar da wasu giyoyinsa yanki-yanki: Le Pavillon daga giranit ɗin Bessards, Le Méal daban, L'Ermite (wato na yankin L'Hermite) daban, don kowace ƙasa ta nuna halinta ita kaɗai. Iyalin Chave kuwa, waɗanda ke noman inabi a wannan yanki tun 1481, haɗawa suke yi. Suna da gonaki a sassa da dama na tudun. Sukan matse inabin kowace gona daban, su ajiye a ganguna daban, su yi ta bibiyarsu wata da watanni, sannan su zauna su yanke shawarar nawa za a ɗiba daga kowace. Bessards ya ba da ƙashi, Méal ya ba da tsoka, na sama ya kawo tsami da ƙamshi. Gangar da ba ta dace ba, komai kyanta, ba ta shiga. A ganina wannan hanya ta biyu ta fi wuya, ta kuma fi cancantar yabo, domin babu ma'auni a rubuce. Kason bara ba zai yi aiki bana ba, kuma mai haɗawa yana hukunci ne a kan abin da ba zai nuna cikakken halinsa ba sai bayan shekara goma ko ashirin. Irin wannan sani a gida ake tashi da shi, ɗa yana bin uba daga ganga zuwa ganga.

Ƙarfin giyar tudun sananne ne tun da daɗewa. A ƙarni na 18 da na 19 fataken giya na birnin Bordeaux sukan sayi giyar Hermitage su zuba a tasu don ta ƙara launi da jiki a shekarar da nasu inabin bai nuna sosai ba. Abin da suke saye a lokacin zafin ranar gangaren kudu ne.

Yau wannan zafin ne ya fara zama abin damuwa. A 2003, shekarar da tsananin zafi ya addabi Turai, inabi ya yanƙwane a jikin itace, amfani ya ragu ƙwarai, tsinka ta zo da wuri fiye da yadda aka saba. Tun daga nan shekaru masu zafi sun yawaita. Zaƙi yana hawa da sauri kafin ɓawo ya gama nuna, tsami kuma yana zubewa. Manoman da a da suke cire ganye don rana ta taɓa 'ya'ya, yanzu barinsa suke yi ya yi inuwa. Gonakin ƙoli masu jinkirin nuna, da tsofaffin itatuwan da saiwarsu ta yi nisa cikin dutse, su ne ake ƙara dogara da su wajen haɗi a irin waɗannan shekaru.