Ofishin Cigiya a Idon Kipling: Sharhi a kan Labarin "The Gardener"

Manufar wannan takarda ita ce mu duba wani gajeren labari na Rudyard Kipling, marubucin nan na Ingila, mai suna "The Gardener", watau mai aikin lambu, wanda ya fito cikin littafinsa Debits and Credits a 1926. Abin da za mu auna shi ne yadda ya siffanta ƙungiyoyin da suka taimaki iyalai wajen cigiyar 'ya'yansu da suka ɓace a Yaƙin Duniya na Farko, mu ga inda ya yi musu adalci da inda ya tauye su.

Ga labarin a taƙaice. Wata mace, Helen Turrell, ta reni wani yaro, Michael, a wani ƙauye na Ingila, kowa ya sani a kan ɗan ɗan'uwanta ne da ya rasu a Indiya. Yaro ya girma yana kiranta gwaggo, ya shiga soja, aka kai shi fagen fama. Wata asuba ɓarɓashin harsashin igwa ya kashe shi nan take, harsashi na biyu kuwa ya tuge gindin wani bango ya rufe gawar. Aka bugo wa Helen waya cewa ya ɓace. Limamin coci ya ce ta sa rai, kwanan nan za a ji labarinsa daga sansanin fursunoni. Abokai suka tura ta wurin sakatarorin ƙungiyoyi masu hulɗa da ƙasashen da ba su shiga yaƙin ba. Ta rubuta duk abin da aka ce ta rubuta, ta sa hannu a duk takardar da aka miƙo mata, amsa dai ɗaya, ba a same shi ba. Sai bayan yaƙi aka tono gawar, aka gane ta da lambar wuyansa da agogonsa, aka binne ta a wata maƙabarta ta soja mai kaburbura 21,000. Da Helen ta je ziyara ta ruɗe cikin layuka, ta tarar da wani mutum yana dasa tsiro, ta ce masa tana neman kabarin ɗan ɗan'uwanta. Ya dube ta da tausayi, ya ce ta biyo shi ya nuna mata inda ɗanta ya ke kwance. A nan ne mai karatu ke tabbatar da abin da ta ɓoye shekara da shekaru.

Kipling bai ɗauko wannan baƙin ciki a bakin wani ba. Ɗansa John, hafsa a rundunar Irish Guards, ya ɓace a yaƙin Loos ranar 27 ga Satumba, 1915, yana da shekara 18, kuma uban ne ya yi masa hanyar shiga soja bayan an ƙi shi saboda raunin gani. Kipling da matarsa suka bi asibitoci suna tambayar sojojin da suka yi rauni, suka nemi labari ta hanyar ƙasashen da ba su cikin yaƙin, ko Allah ya sa yana hannun Jamusawa. Har Kipling ya rasu a 1936 ba a ce masa ga kabarin ɗansa ba.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ya zana ofisoshin cigiya da baƙin tawada. Kwatancin da ya fi kowane kaifi cikin labarin shi ne inda Helen ta tuna wata ma'aikatar ƙera harsasan igwa da Michael ya taɓa kai ta, inda ta ga ƙarfe yana wucewa daga wannan hannu zuwa wancan har ya zama harsashi. Sai ta ga ita ma haka a ke sarrafa ta, daga ofis zuwa ofis, har a ƙera ta ta zama cikakkiyar mai makoki. Lalle wannan kwatanci ya kama jiki, domin ya nuna yadda baƙin cikin mutum ɗaya ke zama aikin ofis idan masu shi sun kai dubbai.

Amma fa sai mu lura da wata dabara da marubucin ya yi. Ya gaya mana mutuwar Michael tun kafin wayar ta iso ƙauye. Mu mun san yaron yana ƙarƙashin bango, Helen ba ta gani ba, sakatarori ba su sani ba. Don haka kowace wasiƙa da ta aika sai mu gan ta wahalar banza, kowane mai ba ta ƙarfin gwiwa kuwa sai mu ɗauke shi wawa. Dabarar ta ƙara wa labarin ƙarfi, amma ta karkatar da ma'auni, gama an yanke wa ofisoshin hukunci a kan ɓatan da babu ofishin da zai iya warware shi.

In muna son mu gane haka, sai mu duba yadda aikin ya gudana. A watan Agusta na 1914 Kwamitin Red Cross na Duniya ya buɗe Hukumar Fursunonin Yaƙi a Janiba, ta ƙasar Suwizalan, ba da jimawa ba aka mai da ita gidan tarihi na Rath don yawan wasiƙu. Ƙasashen da ke yaƙi su kan aiko da jerin sunayen waɗanda suka kama. Kowane suna a yi masa kati, kowace tambaya daga iyali ita ma a yi mata kati, a jera su duka bisa haruffa. Ran da katin tambaya ya gamu da katin fursuna, ran nan a rubuta wa gida. Masu aikin sa kai sun haura dubu kafin ƙarshen 1914, cikinsu har da marubucin Faransa Romain Rolland. Katunan suka kai wajen miliyan 7, aka gano fursunoni wajen miliyan 2, a 1917 kuma aka ba Kwamitin kyautar Nobel ta zaman lafiya. A gefen Ingila kuwa Red Cross ta sa masu bincike su bi gadajen asibiti suna tambaya, irin aikin da marubuci E. M. Forster ya yi a Iskandariya. To, ƙa'idar aikin Janiba ita ce sai wani ya rubuta sunanka kafin a same ka. Fursuna yana cikin jerin abokan gaba, amma wanda bango ya danne ba ya cikin jerin kowa. Kipling ya rubuta labarin waɗanda katinsu bai taɓa samun abokin gami ba, ya ambaci waɗanda nasu suka dawo da gatse kawai, kamar tatsuniyar da a ke yi wa mai makoki. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu, kuma iyalai da yawa ƙwarai kati ne ya fitar da su daga wannan duhun.

Duk da haka akwai inda kibiyarsa ta sami wuri sosai. Ofis yana sanin mutum da suna da lamba da dangantakar da aka rubuta, alhali labarin cike ya ke da matan da takarda ba ta ɗauke gaskiyarsu. Ga wata mata daga Lankasha wadda ɗanta ya shiga soja da sunan aro, ba ta san lambarsa ba, ta rasa ta inda za ta fara. Ga Misis Scarsworth, wadda ke fakewa da ɗaukar wa mutane hoton kaburbura don ta ziyarci masoyin da ba ta da ikon ambatarsa. Ga Helen kanta, uwa ce amma ba ta iya faɗa wa kowa. Haɗa waɗannan uku shi ne gwanintar labarin, domin kowacce tana haska ɗayar ba tare da marubucin ya tsaya yin bayani ba.

Ƙarshen labarin ya jingina da babi na 20 na Linjilar Yohanna, inda Maryamu Magadaliya ta ga Yesu a bakin kabari ta zaci mai lambu ne. Wanda bai san wannan ba zai rasa rabin ma'anar, wannan kuwa rauni ne ga masu karatu na nesa. Amma ko shi zai lura cewa takarda ce ta kawo Helen ƙofar maƙabarta, da harafin layi da lambar kabari, ko da ya ke ba ita ta kira ta uwa ba. Marubucin ya yaba wa mai lambu, ya manta da magatakardan da suka yi ɗawainiyar kawo ta gabansa.

Wani abin lura kuma ya faru bayan ransa. A 1992 Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Kwamanwel, wadda Kipling ya yi wa aiki tun 1917, ta sake bin tsofaffin takardu, ta ce kabarin wani laftanan da ba a san sunansa ba, kusa da Loos, na John ne. Waɗansu masana suka yi jayayya, sa'an nan wani bincike da aka buga a 2016 ya ƙarfafa hukuncin. Ashe aikin katin nan da ya yi wa ba'a shi ne ya rubuta sunan ɗansa a kan dutse, shekara 56 bayan rasuwar uban.