Asalin Kalmar "Dustlessness" da Kuskuren da Ake Yi Wajen Fassara Ta

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce gyara wani kuskure da wasu malaman Ingilishi da masu fassara kan faɗa ciki, inda suke ba da ma'anar dustlessness da "ƙarancin ƙura". Hujjarsu ita ce, wai ɗafin -less da ke tsakiyar kalmar shi ne kalmar nan less mai nufin "ƙasa da". Tarihin harshen Ingilishi bai goyi bayan wannan ra'ayi ba.

Kalmar ta ƙunshi ƙwayoyin ma'ana uku. Saiwarta ita ce dust, wadda a Tsohon Ingilishi, wato wanda aka yi amfani da shi kafin shekarar 1100, ake furta ta da dogon wasali, dūst. 'Yar'uwarta a Jamusanci ita ce Dunst, wato tururi ko hazo. Sai ɗafa-ƙeyar -less da ke mayar da suna sifa, sannan -ness da ke mayar da sifar suna.

A ɗafi na farko ne kuskuren yake. Asalinsa lēas ne, sifa mai zaman kanta a Tsohon Ingilishi, mai ma'anar "wanda ya kuɓuta daga abu". Danginta su ne loose a Ingilishi da -los a Jamusanci, kamar a arbeitslos, maras aikin yi. Ita kuwa less ta kwatanci daga lǣs ta fito, saiwa ce daban. Sauyin furuci ne kawai ya haɗa kamanninsu, kamar yadda rubutun boko ya haɗa gari na zama da gari na tuwo. Kama da wane ba wane ba ne.

Mai yiwuwa allin da ake sayarwa da sunan dustless ya ƙara ƙarfafa kuskuren, domin malami yakan ga ƙura a yatsunsa duk da sunan, sai ya ɗauka ragi ake nufi. Amma zuguguwar ɗan kasuwa ba ta zama hujja a nazarin harshe ba.

Saboda haka, fassarar da ta dace ita ce "maras ƙura" ga sifar, "rashin ƙura" ga sunan. Ɗalibin da aka koya wa akasin haka zai ɗauka homeless mai ƙarancin gidaje ne, alhali wanda ba shi da ko makwanci ake nufi.