Yadda Ake Yi wa Tsohon Inji Kuɗi

Injin sassaƙar ƙarfe, wato wanda ke juya sandar ƙarfe wuƙa tana feƙe ta har ta zama shaf ko bushi, ba kasafai mai ƙaramin shago a Panteka ta Kaduna ko a Kano ke sayen sabonsa ba. Na hannu ake saye. Wani ya ƙetaro teku a kwantena, wani ya fito daga ɗakin gyaran masana'antar da ta rufe. Akwai Colchester da Harrison na Ingila, akwai TOS na tsohuwar Cekoslobakiya, kuma da yawansu sun girmi masu aiki da su. To, ta yaya ake sanin abin da ya rage na ƙarfin irin wannan tsoho?

Mai gaggawa yana ganin sabon fenti sai ya shiga ciniki. Gwani kuwa da tsumma yake zuwa, da tocila, da ɗan agogon awo mai allura, wanda kowane zanensa kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita, ƙasa da kaurin gashin kai nesa ba kusa ba.

Gado yake fara dubawa, wato doguwar gangar jikin injin, mai layuka biyu da keken wuƙa ke zamewa a kansu. Ya goge baƙin mai, ya haska tocila a kaikaice, ya bi gefen layin da farce. Idan farcen ya ci karo da ɗan tudu, ƙarfe ya ci. Kuma ya san inda zai nema. Yawancin aikin da ake kawowa gajere ne, don haka keken kan yi shekara da shekaru yana kai da komo kusa da kan injin, har wurin ya lotsa kamar tsakiyar dutsen niƙa, alhali can ƙarshen gadon yana nan garau. Sai ya kawo keken kusa da kai, ya ɗan ɗaure makullinsa yadda zai motsa da kyar, sannan ya tura shi zuwa wutsiya. In ya cije a hanya, tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ta tonu. A nan mafi yawan kuɗin injin yake, domin boris da bel da giya duk ana sakewa, amma gadon da ya ci sai an kwance injin kaf an kai shi wani babban inji ya goge shi, kuma sau da yawa kuɗin hakan ya fi kuɗin injin.

Daga nan sai cok, bakin nan mai haƙora uku ko huɗu da ke damƙe aiki. Ba ya yarda da shi, don cok kan yi ƙarya. Cire shi yake yi, ya ɗora allurar agogon a kan hancin shaf ɗin da ke ɗauke da shi, ya juya da hannu a hankali. Rawar zane ɗaya ba komai. Idan allura ta yi ta lilo, boris ya gaji ko shaf ya taɓa shan duka. Wannan tsarin awo ba jiya aka fara shi ba: Georg Schlesinger, wani farfesa a Balin, ya tattara shi a littafi tun 1927, kuma gwaje-gwajen injuna na yau a kansa suka ginu.

Sai a ba inji wuta. Gwani ya bi kowace giya ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a karkace. Ƙara mai ɗorewa lafiya ce; ƙwas-ƙwas da ke dawowa a kan lokaci haƙori ne ya karye. Ya buɗe murfi, ya murza man tsakanin yatsu ko zai ga ƙyallin garin ƙarfe. Ya murza hannun keke gaba, ya dawo da shi baya, yana ƙidaya zane nawa ya wuce kafin wuƙa ta motsa. Ya duba hannaye da ƙafafu ko akwai ɗinkin tagulla a ƙarƙashin fenti, domin nauyin injin nan a sama yake, yakan kife wajen lodi, kuma ƙarfen zubi tsagewa yake yi, ba ya lanƙwasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin ƙarshe, saboda sauƙinsa. Ya ɗaura sanda, ya yi mata feƙe ɗaya marar zurfi ba tare da ya tallafi wutsiyarta ba, ya auna bakinta biyu da maikiromita. In awon ya zo ɗaya, injin na yanka gaskiya.

Bayan haka lissafi ne. Farantin da ke jikin motar lantarkin zai faɗa masa ko wuta mai layi uku take ci, abin da ba kowane shago ke da shi ba. Idan ta Amurka ce, an yi ta don wuta mai zagaye 60, kuma a wutarmu mai 50 za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida. Idan injin na inci ne, zai tambayi giya mai haƙora 127, wadda da ita ake yanka haƙoran noti na milimita daidai, tunda inci ɗaya milimita 25.4 ne. Zai ƙirga cok nawa za a haɗa, ya tabbatar guntun gadon da ake cirewa don babban aiki yana nan, domin tare da gadon aka goge shi, na wani inji ba zai zauna daidai ba.

Farashi yana da ƙasa da sama. Ƙasansa abin da masu sayen ƙarfe a kilo za su biya. Samansa kuɗin irinsa mai lafiya, a cire na gyara, da na kiren, da na mota, da la'adar dillali. Sannan ya juya ga mai saye: “Maigida, wane aiki za ka sa shi?” Injin da ya gaza wa mai gyaran kayan injin mota, inda ake jayayya a kan zane biyu, zai iya ƙara shekaru masu yawa a hannun mai ƙera injin markaɗe, kuma kuɗin da za a yi masa a shagunan biyu ba ɗaya ba ne.