Hoton da Ba Shi da Isnadi

A makon Ranar Littafi ta Duniya, wadda UNESCO ta keɓe wa 23 ga Afrilu tun 1995, wani ɗakin karatu a garinmu ya liƙa sanarwar taron karatun yara. Hoton ya ƙayatar: kantoci sun kai rufi, haske na kwararowa ta dogayen tagogi, ga yarinya da lulluɓi rungume da littafi. Sai da na matsa kusa na lura rubutun bangon littafin ba boko ba ne, ba kuma ajami ba. Wasu lanƙwashe-lanƙwashe ne masu kama da Larabci, waɗanda babu malamin da zai iya karanta su. Injin zana hoto na intanet ne ya samar da shi.

Ma'aikacin yana da uzuri. Ɗakin da sayen sabon littafi ke gagara, ina zai samo ladan mai zane? Tun da Midjourney da Stable Diffusion suka bazu a 2022, jimla guda ta isa a sami hoto cikin daƙiƙoƙi. Sai dai araha ba ta ado.

Aibi na farko daga makarantar injin yake. An horar da Stable Diffusion da hotuna daga rumbun LAION-5B, mai ɗauke da sama da biliyan 5 da aka kwaso daga intanet. Abin da ya fi yawa a can shi injin ke maimaitawa, don haka ya gina ɗakin karatun Turai ya zaunar da Bahaushiya a ciki. Yaron da hoton ya jawo zai tarar da benci da fanka da kantar ƙarfe, ya fita da zaton cewa karatun gaske yana wata ƙasa.

Aibi na biyu ya fi nauyi. Sana'ar ɗakin karatu ita ce tsare isnadi: wa ya rubuta, yaushe, a wace maɗaba'a. Ko a zaure, akan tambayi almajiri a wurin wa ya ɗauki littafi. Wannan hoto kuwa an harhaɗo shi daga aikin masu zane da ba a ambaci sunansu ba, ba a kuma nemi izininsu ba. Gidan da ke koya wa ɗalibi faɗin inda ya samo magana bai kamata ya rataya irinsa a ƙofa ba.

Alhali abin nema yana cikin ɗaka. Shafin farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, ko tsohon bangon Ruwan Bagaja, ko warƙar ajami da tawadarta ta koɗe, kowanne ya isa sanarwa idan aka ɗauke shi da waya. In kuma zane ake so, a ba yaran da za su halarci taron takarda da fensir, a rubuta sunan wanda ya zana a ƙasan hoton.