Silimar "Icce Maras Ƴaƴa": mace kaɗai ke da laifi?

Yau maganarmu a kan wata silima take. Babu rawa da waƙa a cikinta kamar ta Indiya, babu ƴan wasa. Mutanen da ake gani, zamansu na gaskiya aka ɗauka. Wadda ta shirya ta ƴar ƙasarmu ce, Aisha Macky, mutuniyar Damagaram. Silimar ta fito a 2016 da suna na Faransanci, L'Arbre sans fruit, wato icce maras ƴaƴa. Tsawonta minti 52 ne. A shekarar ce kuma ta ci kyauta a gasar silimomin Afirka da aka yi a Nijeriya.

Ga abin da ke ciki. Aisha ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Mahaifiyarta kuwa wajen haihuwa ta rasu. Sai Aisha ta riƙa yi wa marigayiyar magana, tana kai mata kuka, tana yi mata tambayoyi. Uwa ta tafi garin haihuwa, ɗiya tana shan gori don ba ta haihu ba. Nan ne ƙarfin silimar yake. Duk wanda ya ji wannan zai gane cewa mace a ƙasarmu tana tsakanin wuta biyu. Bayan nata labarin, akwai na waɗansu mata masu irin ciwonta. Abin da ake faɗi a ƙuryar ɗaki da hawaye, ta fito da shi fili, ba ta kuma ci mutuncin kowa ba. A nan ta cancanci yabo.

Kai ma ka san irin waɗannan mata. Akwai su a Madawa, akwai su a Buza da Keita. Shekara biyu da aure, uwar miji ta fara habaici. Ranar suna a aike ta ɗebo ruwa, tunda ita ba ta da goyo. A kira ta juya. Daga nan sai kishiya, ko takardar saki.

Sunan silimar daga bakin masu gori aka ɗauko shi, to amma mutumin Buza yana da amsa. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya don tare iska. Wa ya taɓa dasa bedi don ya ci ƴaƴansa? Duk da haka shi ya kare gonaki, hatsi ya yi kyau. Kuma Nana A'isha, matar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ta haihu ba, ana kiranta Uwar Muminai.

Inda silimar ta bar mu da ƙishirwa shi ne wajen maza. Labarin na mata ne, daga bakin mata. Namiji zai iya kallo, ya ji tausayi, ya tashi yana ganin abin bai shafe shi ba. Ya kuwa shafe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Likitoci sun gano cewa a kusan rabin gidajen da ba a samu ciki ba, akwai matsala wajen miji, ko shi kaɗai ko tare da matar.

Ka lura da kyau: ƙarfin kwanciya daban, haihuwa daban. Namiji yana iya zama lafiyayye garau, amma ƙwayoyin da ke cikin maniyyinsa su yi kaɗan, ko su kasa motsi. Hangum idan ya kama mutum bayan ya balaga yana iya sauka cikin maraina ya yi ɓarna. Ciwon sanyi da ake ɗauka wajen saduwa, idan ba a yi maganinsa ba, yana toshe hanyar maniyyi. Mijin kuma ya sa wa matarsa, ya toshe mata hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Ka ga, shi ya kawo ciwon gida, ita ake kira juya. Tsargiya ma, wadda ake ɗauka cikin ruwan tabki da na madatsa, tana yi wa mahaifa lahani. Haka ƙazantar da ke shiga jiki bayan ɓari ko haihuwa marar tsabta.

Mutum ya saki ta fari, ya saki ta biyu, ta uku ma shiru. Waccan ta farin ta yi aure a wani gari, ga ta da goyo. Kowa a ƙauye ya iya wannan lissafi, kunya ce ta hana a faɗa.

Wani cikas kuma, silimar ba ta isa inda aka fi bukatarta ba. An kalle ta a Yamai da ƙasashen Turai, sashen maganar cikinta kuma da Faransanci yake. Kamata ya yi a mai da ita Hausa duka, a nuna ta a makarantun yaƙi da jahilci, maza a zaune, da ma'aikacin lafiya kusa don amsa tambaya.

Kafin wannan ranar, idan kun shekara guda tare ba a samu ciki ba, ku tafi gidan likita ku biyu. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Tawa ko Galmi. Awon namiji ya fi na mace sauƙi: maniyyi kaɗan ake dubawa da madubin likita, babu yanka, babu allura. Don haka da kai ya kamata a fara.