Hannun da Ke Bayan Hoton Ƙwaƙwalwa

Idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi a gonar shinkafa a Bakura, aka ɗago shi baki ya karkace, hannu da ƙafar ɓari ɗaya sun saki, likitan da zai fara ganinsa a babban asibitin Talatar Mafara zai gane ciwon tun daga bakin ƙofa: shanyewar ɓarin jiki ce. Abin da idonsa ba zai gaya masa ba shi ne wace iri. Ko dai jijiya ta fashe jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa, ko kuma gudan jini ya toshe ta. Alamun kusan ɗaya ne, amma maganin ya yi hannun riga, domin maganin tsinka jini da zai taimaki na biyu shi ne zai iya ƙarasa na farko. Shi ya sa ake rubuta takarda a ce a wuce da shi Gusau ko Sakkwato a yi masa hoton ƙwaƙwalwa. Gani ya kori ji.

Dangi kan dawo suna labarin na'urar, wato siti sikan: girmanta, sanyin ɗakinta, kuɗin da ta ci. Ba safai ake jin labarin wanda ya sarrafa ta ba. An ɗauka aikinsa danna maɓalli ne. Ni kuwa a ganina, cikin ma'aikatan asibiti kaɗan ne aikinsu ya haɗa lissafi, sanin jikin mutum da iya lallashi kamar na wannan mai hoton.

Na'urar ƙaton zobe ce da gado mai shiga cikinta. A cikin zoben akwai kwalbar da ke fitar da hasken eksire, a ɗaya gefen kuma akwai abubuwan da ke auna hasken da ya ratsa jiki ya fito. Su biyun suna kewaya mutum cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, gadon yana tafiya a hankali, kwamfuta kuma tana haɗa awon ta fitar da cikin jiki yanki-yanki, kamar yadda mai girki ke yanka albasa fale-fale ya ga kowane sashe. Injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta farko a kamfanin EMI, aka gwada ta a kan mara lafiya a watan Oktoba na 1971 a asibitin Atkinson Morley da ke Landan. A lokacin yanki guda yakan ci mintoci. Yau ana gama kai gaba ɗaya kafin mai rakiya ya gama gyara zama a benci. A 1979 aka ba Hounsfield da Allan Cormack kyautar Nobel saboda wannan aiki.

To, a ina gwanintar take, tun da na'ura ke lissafi?

Tana farawa tun kafin a kwanta. Ƙarfe abokin gāba ne a wannan ɗaki, domin yana tare haske ya watsa farare da baƙaƙen layuka a kan hoto, su rufe abin da ake nema. Don haka za ka ji mai hoto yana cewa, "Inna, a cire 'yan kunne da sarƙa, a duba cikin kitso ko akwai fil." Laya ko guru mai ƙarfe a jiki ma sai an lallaba an cire, ba tare da an sa mai shi ya ji an raina shi ba. Haƙorin Makka kuwa ba ya ciruwa. Nan sai dabara: ya sunkuyar da haɓar Alhaji kaɗan, ko ya karkata zoben idan na'urar tana karkatuwa, yadda yankan zai bi ta saman haƙoran ya bar ƙasan ƙwaƙwalwa a sarari. Irin wannan karkatawa kuma tana kare ƙwayar ido daga hasken da ba ta buƙata. Akwai wasu fitilu ja da ke zana layi a kan fuska, da su yake daidaita kai ya zauna tsakiya cif. Kai ya karkace kaɗan, ɓangaren dama da na hagu ba za su yi daidai a hoto ba, alhali da kwatanta su ne likita ke gano inda ɓarna take.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi. Dole ne a san ko mace tana da ciki kafin a haska cikinta ko ƙugunta. Amaryar da aka kawo daga wani ƙauyen Maradun, ga uwar miji a tsaye, ga wan miji a bakin ƙofa, ba za ta buɗe baki ta ce ta yi ɓatan wata ba. Wanda ya san aiki ba ya tambaya a gaban jama'a. Sai ya ce, "Hajiya, ku ɗan jira mu a waje," ya kira ma'aikaciya mace ta yi tambayar a hankali. Wannan ba a cikin kwamfuta yake ba, kuma da shi ake kare ɗan da ba a haifa ba.

Sannan a zo ga wanda ba zai natsu ba. Ɗan acaɓa da ya faɗi a titin Gusau zuwa Sakkwato, kai ya bugu, yana fizge-fizge yana amai. Yaro ɗan shekara uku da ya ga zoben ya tsala ihu. Motsi kaɗan ya isa ya ɓata hoto, maimaitawa kuma ƙarin haske ne a jiki. Mai hoto yana da matasai da maɗauri, yana da haƙurin jira yaro ya yi barci, ya kuma san lokacin da zai ce a kira likita ya ba da maganin kwantarwa. Idan ana zargin wuya ya karye, ya san yadda za a ciccibi mutum daga gadon turawa zuwa na na'ura ba tare da wuyan ya motsa ba. A hoton ƙirji, na'urar kan yi magana da kanta ta ce a riƙe numfashi, amma da Turanci. Gwani yakan kashe wannan murya ya yi amfani da tasa ta lasifika, bayan sun gwada tare tun a waje: "Baba, ja numfashi. Riƙe. Kada ka saki. To, madalla, saki."

Inda na fi jinjina masa shi ne wajen fitar da hoton. Kowane ɗigo a hoton siti lamba ce a kan ma'aunin da aka sa wa sunan Hounsfield. Ruwa sifili ne. Iska 1000 ƙasa da sifili. Kitse wajen 100 ƙasa da sifili, naman ƙwaƙwalwa tsakanin 20 da 40, jinin da ya zuba ya daskare ya haura 50, ƙashi kuma ɗaruruwa har ya wuce 1000. Idon mutum ba zai iya bambance dubban launin toka a lokaci guda ba, saboda haka sai an zaɓi zangon lambobin da za a nuna. A matse zangon a kusa da 40, ƙwaƙwalwa ta fito sarai, jini ya yi fari tas a cikinta. A buɗe shi sosai, ƙwaƙwalwa ta dushe, tsagar ƙoƙon kai ta bayyana. Ɗauka ɗaya ce, amma siririn jini da ya kwanta a jikin ƙashi yana iya ɓuya idan ba a nuna ta yadda ya dace ba. A wuraren da har yanzu fim ake bugawa a sa a ambulan a kai wa likita, abin da mai hoto ya zaɓa ya buga, shi kaɗai likitan zai gani.

Wani lokaci ana sa ruwan allura mai sinadarin aidin don jijiyoyi da ƙari su fito. Kafin nan sai an duba takardar gwajin ƙoda, a tambayi ko mutum ya taɓa samun borin jini da irin allurar, a kuma gargaɗe shi: zai ji ɗumi ya ratsa shi, bakinsa ya yi ɗanɗanon ƙarfe, har ya ji kamar fitsari ya kufce masa, alhali babu komai. Dattijon da ba a gaya wa wannan ba yana iya zabura don kunya a daidai lokacin da ake ɗauka. Lokacin kuwa da daƙiƙa ake ƙirga shi. Kimanin rabin minti bayan allura ruwan yana cikin jijiyoyin da ke fitowa daga zuciya, bayan minti ɗaya da 'yan kai ya cika hanta. Kansar hanta, wadda ciwon hanta nau'in B ke jawowa da yawa a ƙasar nan, a matakin farkon nan ta fi haskawa. Wanda ya makara ya rasa ta.

Hasken nan ba kyauta ba ne ga jiki. Siti na ƙirji guda ya ninka hoton ƙirji na yau da kullum sau da dama, shi ya sa ake rage ƙarfin na'ura ga yaro, ake kuma taƙaita ɗauka ga iyakar wurin da likita ya nema. Shi kansa ma'aikacin yana aiki ne a bayan gilashi da ƙofa masu dalma a ciki, da ɗan ma'auni maƙale a rigarsa da ke ƙirga abin da jikinsa ya sha. Mu a Zamfara mun san dalma ta mummunar fuska tun 2010, da gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A wannan ɗaki garkuwa ce. Kowace safiya kuma sai ma'aikacin ya ɗumama kwalbar haske ya daidaita na'ura, yana sauraren wuta da janareto da na'urar sanyaya ɗaki, domin wuta mai rawa tana iya kwantar da siti wata da watanni ana jiran injiniya.

Mai hoto ne ke fara ganin abin da ke cikin kan mutum, amma ba shi ke rubuta sakamako ba, wannan aikin likitan hoto ne. Idan babban ɗa ya tare shi ya ce, "Malam, don Allah me ka gani?" zai ce, "Likita zai yi muku bayani." Ba rowa ba ce, iyakar aikinsa ce. Sai dai idan ya ga jini yana danne ƙwaƙwalwa, ba ya sa fim a layi. Nan take yake kiran likita, don irin wannan yana buƙatar masu tiyatar ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, kafin lokaci ya ƙure.

Karatun wannan aiki shekara biyar ne a jami'a, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan rajista da hukumar masu hoton asibiti ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1987. Ana yinsa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Jami'ar Bayero a Kano, da ta Maiduguri. Ɗaliban kimiyya na Talatar Mafara da Bakura da Maradun, maza da mata, idan kun zo cike takardar JAMB ku duba wannan fanni. 'Yan mata musamman, domin matanmu suna buƙatar mace a wannan ɗakin.